Sabon Kebul ɗin Giya a Ƙafar Alpha One: Abin da Na Gani Bayan Wata Uku

Jirgin ruwana ƙarami ne, injinsa MerCruiser, ƙafar da ke bayansa kuma, wato sashen da ke ɗauke da giya da farfela, Alpha One Gen II ce. Tun bara libar giya ta fara tauri, ni kuwa na yi ta lallaɓawa. Sai da ya kai ga inji na mutuwa duk lokacin da na taɓa giya, musamman wajen matsawa gaɓa inda mutum ya fi buƙatar ribas, sannan na haƙura na sayi sabon kebul na ƙasa, wato wanda ke kai giya zuwa cikin ƙafar.

Da farko kaburata na zarga, ashe ba ruwanta. A jirgi mai irin wannan ƙafar akwai wani ɗan makunni a jikin farantin giya, inda kebul na sama da na ƙasa suke haɗuwa, da ke yanke wutar inji na ƙiftawar ido, don haƙoran giya su saki juna a koma firi. In kebul ya yi tsatsa yana cijewa, sai ya danne makunnin fiye da kima, inji ya ɗauke. Da na zaro tsohon, na tarar robar da ke rufe shi ta tsage, ruwa ya daɗe yana shiga.

Kayan sun zo da kebul, wayar cikinsa, robar, da gaskit. Kebul ɗin ya burge ni: wayar na zamewa sumul, tsawonsa daidai da tsohon. Takardar bayanin ce ta ɓata mini rai, hoto ɗaya dishi-dishi, babu awo ko ɗaya. Dole na koma ga littafin gyaran inji. Kuma ba a faɗa wa mai saye cewa sai da doguwar soket mai inci 9/16 ake iya kwance kebul daga gidansa ba. Sifana ba ta kaiwa wurin, kada ma ka wahalar da kanka.

Kafin ka cire ƙafar, sa giya a gaba, in ba haka ba ba za ta fito lafiya ba. Noti shida ne, sai sandunan ɗaga ta guda biyu. Tana da nauyi, ka nemi mai kama maka. Na ɗaura igiya a tsohon kebul kafin na ja shi, ita ta bi da sabon ta hanyar da ya kamata ba tare da ya lanƙwashe ba.

Saiti shi ne aikin gaske, kuma a nan na fi daɗewa. Ka tura kebul har giya ta shiga gaba sosai, wani ya riƙe farfela yana murza ta hagu har ta cije. A haka za ka auna inci 6, wato milimita 152, daga tsakiyar ɗan gangan tagullar da ke jikin kebul zuwa tsakiyar ramin da ke ƙarshen kebul. Na ƙiyasta da ido a karon farko, gaba ta shiga, ribas kuwa sai ƙarar haƙora ƙaƙaƙas. Wannan ƙarar ƙarfe ne ke cin ƙarfe, ba abin da za a bari ba ne ko na yini guda. Na dawo da tef na auna da kyau, sannan na daidaita kebul na sama da ke zuwa daga liba, na ɗan ɗaga kusar da ke cikin tsagar hannun giya don ribas ta shige gaba ɗaya.

Gwaji a kan tirela bai gamsar da ni ba, domin farfela ba ta ɗauke da nauyi, makunnin ma ba ya motsi. Sai a cikin ruwa na san gaskiya. Wata uku ke nan, da yatsa biyu nake sa giya, inji bai sake mutuwa a gaɓa ba. Zan sake sayen wannan kebul, amma littafin gyara da soket ɗin za su riga shi isowa.