Ƙaramin jirgin ƙasa na dakon tankokin yaƙi: tarago ya yi, dogo bai yi ba

Kayan da ake magana a kai kwali ne guda na ƙaramin jirgin ƙasa na kwaikwayo, a ma'aunin HO, wato an rage komai sau 87. A ciki akwai kan jirgi, taragai huɗu masu shimfiɗaɗɗen baya, tankokin yaƙi na roba, dogo mai zagaye da akwatin sarrafa gudu. Daga Amurka ake shigo da shi.

Taragan su ne abin yabo. An kwaikwayi masu tsawon ƙafa 89, kowanne ya kai kusan santimita 31, har da 'yan farantan da ake ɗorawa tsakanin tarago da tarago. Da su ake lodi daga ƙarshen jirgi: mota ta hau gangara, ta bi ta kan taragai har ta isa mazauninta. Masu yawo da dabbobi suna wasa gari-gari su suka shahara da wannan dabara, sojoji suka ɗauka. Kamfanin Ringling, mai irin wannan wasa a Amurka, ya yi ta jan irin waɗannan taragai har wasansa na ƙarshe a jirgi a 2017.

Matsalar tana dogo. Kwanar da aka sa a kwalin ta inci 18 ce daga tsakiyar zagaye zuwa dogo, tarago mai wannan tsawo kuwa yana son inci 24 ko sama. A matsattsiyar kwana ƙarshen tarago yana leƙawa waje, ƙugiyar da ke haɗa taragai ta ja na baya a karkace, ƙafa ta sauka. Rashin nauyi na ƙara abin, domin tarago irin wannan ya kamata ya kai giram 200, tankar roba kuma ba ta da nauyin kirki. A liƙa ƙananan ƙarafa a ƙarƙashinsa, a tsakiya, a kuma sayi dogo mai faɗin kwana daban.

Akwatin wutar na volt 120 ne, tamu a Najeriya kuma 230. Wanda ya jona kai tsaye ya ƙona shi nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta.

A Gusau ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Jirgin yana shan wutarsa ta dogo, volt 12, don haka ƙura kaɗan ta haɗu da mai sai ya dinga tsayawa yana fizga. A goge dogo da ƙafafun da ƙyalle mai ɗan sifirit, kada a kusance su da sanfefa, tana barin zane da datti ke maƙalewa. Mai kuwa ɗigo ɗaya a kan allura ya isa. Lokacin bazara kada a bar kwalin a ɗakin kwano marar silin, taragon roba yana lanƙwashewa kuma ba ya komawa.

Mai son kwaikwayon layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, layin da ya isa can a 1929, ya san cewa faɗinsa milimita 1,067 ne. A wannan ma'auni yana buƙatar dogo na milimita 12, na kwalin kuwa 16.5 ne, wanda a wannan ma'auni ya yi daidai da layin Abuja zuwa Kaduna. Saboda taragan kaɗai kwalin ya cancanci saye, amma ba na ƙananan yara ba ne, ƙugiyoyin ba sa jure wasan hannu.