Kafin ka sayi dashen bilakberi, duba yadda karansa yake girma

Mai lambu a Ingila ko Amurka idan ya shiga wurin sayar da dashe zai tarar da bilakberi (blackberry, wani tsiro mai ƙananan 'ya'ya da ake ci) iri-iri, kowanne da hoton 'ya'ya baƙi wuluk. Kada hoton ya ruɗe ka. Yadda karan yake girma shi ne zai yanke maka yawan aikin datsa da ɗauri da za ka yi kowace shekara.

Saiwar tana daɗewa a ƙasa, amma kowane kara shekara biyu yake yi: ya fito bana, ya ba da 'ya'ya baɗi, ya bushe. Da an gama tsinka sai a yanke tsohon daga gindi, a ɗaure sabon a gurbinsa.

Akwai mai yaɗo, irin Marion da aka fitar a jihar Oregon ta Amurka a 1956. Ɗanɗanonsa sai wanda ya ci, amma ƙaya gare shi, karansa kuma yana zarce mita huɗu. Sai ka kafa turaku, ka ja waya biyu, ɗaya a santimita 90 daga ƙasa ɗaya a 150, ka karkata sabbin kara gefe guda, masu 'ya'ya ɗaya gefen. In ka yi sakaci wata biyu suka sarƙe, raba su wahala ce, hannu da riga duk su sha yagi. Ban ba wa mai ƙaramin fili shawarar sayensa ba.

Mai miƙewa tsaye, kamar Navaho da Ouachita na Jami'ar Arkansas, ba shi da ƙaya kuma ba ya cin wuri. Sabon kara ya kai kamar mita ɗaya, ka tsinke kansa don ya yi rassa, a ƙarshen hunturu ka rage rassan zuwa santimita 30 ko 45. Irin Loch Ness na Sikotland da irin da ake kira Chester suna tsakanin mai yaɗo da mai miƙewa: ba ƙaya, 'ya'ya da yawa, amma dole a ɗaure su a waya. Ni Loch Ness zan ɗauka a bayan gida a Ingila, don ya saba da sanyin can.

Wanda ba ya son lissafin tsohon kara da sabo ya nemi Prime-Ark Freedom, na 2013. Yana 'ya'ya a karan shekarar farko, don haka ana iya sare shi duka ƙasa a ƙarshen hunturu. Sai dai 'ya'yan suna nuna a makare, don haka a wurin da sanyi ke saurin shigowa a kan yi asara.

Yawancin waɗannan sai sun sha sanyin hunturu suke fure sosai, zafin Kano ko Maradi ba nasu ba ne. Tupy na Brazil, wanda aka noma da yawa a Meziko, bai buƙatar sanyi mai yawa.

Almakashin lambu kuwa, sayi mai baki biyu masu gilma juna. Mai danna kara a kan faranti murƙushe ɗanyen kara yake yi, ciwon kuma ya daɗe bai warke ba.