Sharhi a kan BLAST bayan wata shida ina aiki da ita

Wata shida ke nan ina amfani da BLAST, manhajar kwatanta ƙwayoyin gado ta NCBI, cibiyar bayanan kimiyyar halittu ta Amurka, a nazarin da nake yi a nan Samaru kan ƙwayoyin gadon dawa da masara. Manhajar ta fito tun 1990, kyauta ce, kuma ba sai an sauke komai ba. Mutum zai liƙa jerin haruffan DNA (sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta), wato A, T, G da C, a cikin akwatin da aka tanada, ya zaɓi tsiron da yake son kwatantawa da shi, sai ta jero masa abin da ya yi kama, tana nuna mafi kusa da jan layi. Idan intanet ɗina bai yi gardama ba, kafin shayi ya huce sakamako ya fito.

Inda na yi tuntuɓe shi ne wajen fassara sakamakon. Na sa ƙwayar gado ɗaya ta dawa, jajayen layuka uku suka fito daga masara, ni kuwa na ɗauki na sama na rubuta cewa na gano takwararta, wato ƙwayar masara da ita da ta dawar suka fito daga ƙwaya ɗaya lokacin da tsirran biyu suka rabu. Da malamina ya duba, sai ya ce, "Malam, kama da wane ba wane ba ne. Juya binciken ka gani." Na mayar da kowacce cikin ukun na nemi tata a dawa. Biyun farko suka dawo kan ƙwayar da na fara da ita, ta ukun kuwa ta nuna wata dabam, alamar tsohuwar 'yar uwa ce da ta ware tun kafin tsirran biyu su rabu, kimanin shekara miliyan 12 da suka wuce. Biyun farkon kuma duk takwarorin ƙwayar dawar ne, domin masara tana ɗauke da gadon da ya taɓa ninkuwa gaba ɗaya, ko da yake ta zubar da kwafi da yawa daga baya.

Wannan kuskurena ne, domin kama kawai BLAST take aunawa, ba ta yi alkawarin faɗin asalin dangantaka ba. Ina ba ɗalibai shawarar su fara da ita, amma ni yanzu ba na rubuta kalmar takwara a rahoto sai na juya binciken, na kuma zana bishiyar dangantaka a manhajar MEGA.