Fiƙar barewar elk: wadda za a saya da wadda za a bari

Elk babbar barewa ce ta Arewacin Amurka, tana da yawa a jihohin Wyoming, Montana, Idaho da Colorado. A muƙamuƙinta na sama akwai fiƙoƙi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ba ta wuce gaɓar babban yatsa ba. Masana na ganin ragowar dogon haure ne da kakannin dabbar suke da shi. Namiji da tamata duk suna da su, kuma biyu kacal ake samu a dabba guda. Daga nan tsadarsu ta samo asali.

Matan ƙabilun Crow, Lakota, Cheyenne da Kiowa, 'yan asalin Amurka, sun daɗe suna ɗinka su a jikin riga. Rigar da ke ɗauke da fiƙa 300 ta ci barewa 150, don haka shaida ce cewa gidan na da maharba da wadata. Daga baya 'yan ƙungiyar zumunta ta Elks, wadda aka kafa a New York a 1868, suka ɗauki ɗabi'ar rataya fiƙar a sarƙar agogo, har mafarautan sata suka riƙa kashe dabbar a kwarin Jackson Hole da ke Wyoming su cire haƙora biyu su bar gawa. Wannan ɓarna na cikin damuwar da ake ciki lokacin da aka keɓe mata gandu a wurin a 1912. Yau zobe, abin wuya da 'yan kunne ake yi da ita.

Mai saye ya fara tambayar shekarun dabbar, kuma saiwa ce za ta ba shi amsa. Fiƙar ƙaramar barewa fara ce tas, saiwarta a buɗe, cikinta rami, bangonta siriri. Kyau a ido, amma da maƙeri ya matse ta da azurfa ko ya huda ta sai ta tsage. Ta tsohuwar dabba saiwar ta toshe, tana da nauyi a hannu, kanta ya goge saboda shekarun tauna, ga zane mai ruwan ƙasa a murɗe kamar zoben cikin itace. Wannan zanen shi ne kuɗin. In gugar ta yi yawa har kan ya kusa ƙarewa, maƙeri ba zai sami abin da zai fito da shi ba, sai a rage farashi.

Ta namiji ta fi girma da kumburi, ita ta dace da zoben maza da abin wuya. Ta tamata ƙarama ce, siririya, ta fi araha, kuma a 'yan kunne ta fi zama daidai don ba ta ja kunne. Wanda zai yi 'yan kunne ya nemi biyu daga baki ɗaya: a ajiye su gefe da gefe, lanƙwasar ɗaya ta kalli dama, ɗayar ta kalli hagu, launinsu ya zo ɗaya. Dillalai kan haɗa na dabbobi daban su ce tagwaye ne.

Jabu iri uku ne. Akwai na ƙashi, wanda tun ƙarshen ƙarni na 19 ake sassaƙawa da barewar ta yi ƙaranci. A gilashi mai ƙara girma za a ga 'yan ɗigo-ɗigon ramuka a jikinsa, haƙori kuwa sumul yake. Na ƙashi ba abin kunya ba ne in an faɗa, yawancin rigunan rawa na ƙabilun nan a yanzu da shi ko da roba ake yinsu. Na roba ba shi da nauyi, sau da yawa da layin zubi a gefe, kuma in mai kaya yana da ashirin masu kama ɗaya sak, ba daga baki suka fito ba. Allura mai zafi a gindin saiwa tana nutsewa cikin roba, ba ta shiga haƙori. Na uku ya fi wuyar kamawa: fiƙa ta gaske, amma fara, an jiƙa ta a shayi ko ruwan taba. Rini yana rufe jiki duka har saiwa, yana taruwa a tsagu. Launin asali yana kan inda ya goge ne kawai.

A Jamus da Austriya ana sayar da fiƙar jar barewar Turai, 'yar'uwar elk, cikin kayan adon maharba. Haƙori ne na gaske, amma ya fi ƙanƙanta, bai kamata a biya shi kuɗin na elk ba.

Wajen ɗauri, hular azurfa da ta rufe saiwa ta fi huji ƙarko, domin daga bakin huji tsaga take farawa. Namiji Musulmi dama azurfar zai nema. Kada a tafasa fiƙa, kada a sa mata bilic, kada a bar ta a mota cikin rana: zafi da bushewa suna fasa ta, bilic kuma yana cinye zanen da aka biya kuɗi dominsa. Ruwan ɗumi, ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi sun isa.

Sai takarda. Dokar jihohin Amurka ta bambanta, California ta hana cinikin sassan naman dajin da ke rayuwa a cikinta, fitar da su daga ƙasar kuma sai an bayyana wa hukumar kula da kifi da namun daji. Wata dokar tarayyar Amurka ta 1990 ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba nasu ba ne. A nemi rasit mai sunan dabbar da jihar da aka harbe ta, saboda jami'in kwastan da ya ga an rubuta haure a takardar kaya, kamar yadda ake kiran fiƙar da Turanci, hauren giwa zai fara zargi, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989.