Yabo da ƙorafi kan asibitin da ya duba mini ƙullutun mara a Katsina

Tun bayan Ƙaramar Sallah nake jin nauyi a gefen marata na hagu, har Gwaggona ta ce in ajiye jiƙe-jiƙe in je a ɗauki hoto. Ita ta raka ni wani asibiti mai zaman kansa a cikin garin Katsina, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda ina da ƙorafi a kansa.

Ɗakin hoton tsaf yake, kuma mace ce ta yi mini sikanin, abin da ya sauƙaƙa mini kunya ƙwarai. Ta juyo da allon na'urar wajena, ta nuna mini wani baƙin da'ira mai kamar lemun tsami a ma'ajiyar ƙwan haihuwa, ta ce faɗinsa santimita 4.6 ne, ruwa ne zalla a ciki, bangonsa kuma siriri.

Inda suka gaza shi ne gwajin jinin da ake kira CA-125. Ranar Alhamis aka miƙo mini sakamakon a ambulan, an zagaye lamba 58 da jan biro, a gefe an rubuta cewa iyaka 35 ce, sannan aka ce likitan mata sai Litinin. Babu wanda ya ƙara mini ko kalma ɗaya. Na duba a intanet, ban ga komai ba sai ciwon daji. Dare huɗu na yi ina tashi in zauna a bakin katifar yarana ina kallonsu suna barci, abinci kuwa ko loma uku ba na iya kaiwa. Bai kamata a sallami mace da irin wannan takarda ba tare da an zaunar da ita ko na minti biyar ba.

Likitar da na gani ranar Litinin ita ta wanke musu laifi. Tambayarta ta farko ita ce, “Malama, ranar da aka ɗebi jinin kina cikin al'ada?” Na ce ƙwarai. Ta bayyana mini cewa jinin al'ada, juna biyu, ƙarin mahaifa da ciwon sanyin mara duk suna iya ɗaga wannan lamba, don haka ga macen da ba ta daina haila ba, gwajin shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon daji, sai an haɗa shi da abin da hoto ya nuna. Ta ce yawancin irin wannan ƙullutu daga aikin fitar da ƙwai na wata-wata yake samuwa, kuma yakan baje da kansa cikin wata biyu zuwa uku. Ta kuma gargaɗe ni cewa idan ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya da amai ko jiri, in nufi asibiti ko da tsakar dare ne, domin ƙullutun na iya murɗewa ko fashewa. Idan kuma ya ƙaru, za ta tura ni Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina.

Bayan mako 8 na koma, hoto bai nuna komai ba, lambar ta sauka zuwa 21. Gwaggo ta ɗaga hannu ta yi hamdala a tsakiyar layin jira. Zan sake zuwa wurin, amma na roƙi shugabar nas-nas ɗinsu da su riƙa ba da sakamako irin wannan a ranar da likita take nan, ta kuma ce za ta isar.