Daga Jaipur: abin da na gano kan kumburin cikin Baba

Yaya, ina gaisuwa. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in bincika maganin gargajiyar Indiya, to na je wurin wani mai Ayurveda, wato maganin gargajiyar nasu, mutumin da a nan ake kira vaidya. Abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙo mini kwalba ba sai da ya yi ta tambaya: ƙarfe nawa Baba yake cin tuwo, yana ƙara wani abincin kafin na farko ya narke, yana riƙe fitsari ko bayan gida, yana haɗa kifi da nono? A wurinsu ciki na da wuta, sunanta agni. Idan ta yi rauni abinci ba ya dahuwa, sai ya bar wani datti mai danƙo da suke kira ama, ya toshe hanyoyin jiki. Daga nan abubuwa uku da suke cewa su ke tafiyar da jiki, vata, wato iska, da pitta mai zafi, da kapha mai majina, su rikice. Littafin Charaka, wani tsohon littafin Ayurveda, ya kasa ciwon kumburin ciki gida 8, mafi muni shi ne jalodara, lokacin da ruwa ya taru a ciki. Har nonon raƙumi suka ambata a maganinsa, na tuna Buzayen da ke kawo shi unguwarmu.

Mu ma muna cewa sanyi ne ko zafi ne, amma mai magani a tasha garin magani ɗaya yake sayarwa na basir da shawara da ciwon baya. Nan kuwa vaidya sai ya yi shekara 5 da rabi a jami'a, kuma tun 2014 gwamnati ta buɗe musu ma'aikata, AYUSH. Triphala, wani maganinsu na haɗin 'ya'yan itace uku, a kanti ake sayen ta cikin gwangwanin kamfanin Dabur ko Himalaya, an rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewa.

Duk da haka ban saya wa Baba komai ba. Wasu haɗe-haɗensu ana sa ƙarafa irin su dalma, kuma ciki mai tara ruwa sau da yawa hanta ce. Don Allah ku kai shi asibiti a yi hoton ciki da gwajin hanta makon nan, zan turo kuɗin ta hannun Kawu.

Ki gaishe da Inna.