Lens mai tsayayyiyar ƙofar haske: abin dubawa kafin ka ƙirga kuɗinka

Mai shago ya ɗora maka lens na kyamara biyu a kan kanta. Na farko an rubuta 18-55mm 1:3.5-5.6 a bakinsa, na biyu kuma 17-50mm 1:2.8. Ya ce maka na biyun "fis afaca" ne, wato mai tsayayyiyar ƙofar haske, shi ya sa kuɗinsa ya fi. Gaskiya ya faɗa, amma ba kowane mai hoto ne wannan ƙarin kuɗin zai amfana ba, kuma kalmar nan "fis" abu uku daban-daban ake kira da ita a kasuwa.

A cikin kowane lens akwai wasu siraran faifai da ke tsukewa su buɗe kamar ƙwayar ido. Su ne ƙofar haske, wadda masu sana'a ke kira afaca. Lambar f ita ke gaya maka girman buɗewarta, kuma a juye take tafiya: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Jerin shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane taki ɗaya gaba yana raba hasken biyu. Hasken f/2.8 ya ninka na f/4, ya ninka na f/5.6 sau huɗu. Riƙe wannan lissafin, don da shi za ka auna duk abin da mai shago zai gaya maka.

Lens ɗin da ke da lamba biyu, kamar 3.5-5.6, ƙofarsa tana raguwa yayin da kake janyo hoto. A 18mm zai ba ka f/3.5, kana kaiwa 55mm sai ka ga lambar ta koma f/5.6 ba tare da ka taɓa komai ba. Hasken da ya rage bai kai rabin na farko ba. Wanda ke da lamba ɗaya kuwa, f/2.8 ɗin nan tana nan daga farkon zum, wato janyo hoto, har ƙarshensa. Wannan shi ne abin da yawanci ake nufi da tsayayyiyar ƙofa. Ba a kulle take ba: kana iya tsuke ta zuwa f/8 ko f/16 duk sadda ka so. Iyakar buɗewarta ce kawai ba ta sauyawa.

Na biyu shi ne lens da ƙofarsa ke kulle da gaske, babu faifan tsukewa sam. Irinsu tsofaffin 500mm f/8 masu madubi a ciki, da Canon RF 600mm f/11 da RF 800mm f/11 da suka fito a 2020. Kyamarar yawancin wayoyi ma haka take. Dogayen lens ɗin nan na ɗaukar abu mai nisa ne a tsakar rana, ba na aikin biki ba. Na uku shi ne lens marar zum kamar 50mm f/1.8, wanda wasu ke ce wa "fis" alhali tsawonsa ne a tsaye, ƙofarsa kuwa tana buɗewa tana tsukewa. Don haka ka tambayi mai sayarwa, "Malam, me ke tsaye a ciki, ƙofar ko tsawon?" Idan ya yi inda-inda, karanta lambar da kanka.

Tsadar tana da dalili. Lambar f tana fitowa ne idan aka raba tsawon lens da faɗin ƙofar kamar yadda ake hango ta daga gaba. Lens mai 200mm a f/2.8 yana buƙatar faɗin wajen milimita 71, a f/4 kuma 50 ya isa. Gilashi ke nan mai yawa, ga ƙarin wasu gilasan na gyara hoto. Shi ya sa 70-200mm f/2.8 na Canon mai bakin EF yake kusan kilo ɗaya da rabi, ɗan'uwansa f/4 kusan rabin haka, shi kuwa 18-55mm bai wuce giram 200 da 'yan kai ba. Wanda zai wuni a tsaye daga ɗaurin aure har dina ya sa wannan nauyin cikin lissafi, don wuya da kafaɗa ne za su biya.

Inda kuɗin ke dawo da kansa shi ne cikin duhu-duhu. Ɗauki wajen kamu ko sa lalle a tsakar gida bayan magariba, ƙwan lantarki biyu ko uku a jikin bango, janareta na aiki. A ce awon haske ya ba ka f/2.8, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga kyamara) 1/125 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 1600, hoto ya fita tas. Mai lens 3.5-5.6 da ya janyo fuskar amarya zuwa 55mm yana kan f/5.6, ya yi asarar taki biyu. Ko dai ya kai ISO 6400 hoton ya cika da yashi-yashi, musamman a tsofaffin kyamarori irin 600D da D3200, ko ya sauke shota zuwa 1/30, hannun mai guɗa da mayafin ƙawaye su dushe kamar an shafa. Kada a ruɗe ka da IS ko VR da aka rubuta a jikin lens. Rawar hannunka suke ragewa, ba sa tsayar da mutumin da ke motsi.

Ga mai bidiyo abin ya fi tsanani. Shota a 1/50 ake barin ta idan ana ɗauka a firam 25 a daƙiƙa, don ta dace da wutarmu mai 50Hz, fitilu su daina ƙyaftawa a hoto. Ba ka da damar taɓa ta. To kana janyo mai wa'azi a wajen walima sai hoton ya riƙa duhu a gaban mai kallo, wani lokacin ma taki-taki. Akwai dabara ga wanda bai da halin sabon lens: sa kyamara a M, inda kai ke saita komai da hannu, ka tsuke ƙofar zuwa f/5.6 tun daga 18mm, lambar za ta zauna a nan har ƙarshe. Ka sayi daidaito da haske ke nan, sai ka nemi fitila.

Amma idan aikinka na rana ne, ajiye kuɗinka. Mai ɗaukar hawan Sallah a filin Kangiwa na Katsina ko hawan Sallar Gani a Daura haske ya yi masa yawa ma. A rana tsaka, ISO 100 da f/5.6 suna ba ka shota wajen 1/800, ka ɗaga ISO zuwa 200 ka wuce 1/1000 da ake so don tsayar da doki a sukuwa. A nan 70-300mm f/4-5.6 zai yi aikin, ya fi sauƙin ɗauka cikin cunkoso, ya kuma fi 70-200mm kai wa nesa. Abin da f/2.8 zai ƙara maka shi ne narkar da bayan hoto, mahayi da rawaninsa su fito daga cikin taro, da kuma ɗan ƙarin lokaci idan rana ta yi sanyi ƙura ta tashi. Haka mai situdiyo da ke aiki da filasha a f/8: shi da lens mai lamba biyu babu abin da ya raba su.

Tsakanin f/2.8 da f/4, duba kyamararka tukuna. Idan mai babbar sensa (faifan da ke karɓar hoto a cikin kyamara) ce kamar 6D, 5D Mark III ko D750, 24-105mm f/4 na Canon ko 24-120mm f/4 na Nikon sun isa yawancin bukukuwa, don waɗannan kyamarori suna jure ISO mai yawa. Idan mai ƙaramar sensa ce, nemi 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron, ko 17-55mm f/2.8. Kada ka sayi 24-70mm don sunansa ka ɗora wa 700D: sensar za ta mai da 24 ɗin kamar 38, ka rasa inda za ka ja da baya a ɗakin amarya. Wanda kuma kuɗinsa bai kai ko ɗaya ba, ya riƙe 18-55mm ɗinsa ya ƙara da 50mm f/1.8. A wajen haske ya fi f/2.8 da sama da taki ɗaya, ƙafarka ce zum ɗinka. Masu Nikon D3200 da D5300 su nemi 50mm mai harafin G, domin mai D ba ya kama fokas da kansa a kansu.

Kuskuren da sababbin masu f/2.8 ke yawan yi shi ne barin ƙofar a wangale kullum. Hoton dangi sahu uku a f/2.8, na gaba su fito, na baya su dushe. Irin wannan f/5.6 zuwa f/8 yake so.

Yawancin waɗannan lens na hannu ake samu, don haka je da kyamararka da katinka. Sa ta a Av ko A, inda kai ke zaɓar lambar f ita kuma ta daidaita shota, buɗe ƙofar har ƙarshe, murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe kana kallon lambar. Bai kamata ta motsa ba. Sai ka ɗauki farin bango a 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16, a gajeren zum da dogonsa. Hasken hotunan ya kamata ya zo kusan ɗaya. Idan na f/11 da f/16 sun yi fari fat, faifan suna makalewa, galibi mai ne ya malalo kansu. Idan Canon ta nuna Err 01, goge 'yan tagullan bayan lens da busasshen ƙyalle ka sake gwadawa. In saƙon ya dawo a wani tsawon zum kawai, sau da yawa siririyar wayar ciki ce ta fara tsinkewa, kuma gyaran sai an warware lens ɗin. Cire murfi biyun, haska tocilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, a garin da hunturu ke kaɗawa babu lens mai fita da shiga da zai rasa ta. Amma zare-zare kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce, fari-fari kamar hazo kuma yana kashe kaifin hoto. Ka ga ɗayansu, mayar masa da kayansa ka ce ya ɗauko wani.